Garuruwan da Daji Ya Haɗiye: Masu Sha'awar Tarihi, Tsofaffin Taswirori da Binciken Ƙasar Ruma da Safana

Tsakure

Wannan maƙala ta duba aikin mutanen da ke binciken tarihin garuruwansu don sha'awa, ba don neman digiri ko albashi ba, a yankin Batsari da Safana na yammacin Jihar Katsina. Ta bi diddigin madogara iri uku da irin waɗannan mutane ke iya kaiwa gare su: tsofaffin taswirori, fayilolin zamanin Turawa, da takardun gida haɗe da abin da ke bakin dattawa. Hujjar maƙalar ita ce, taswira ba ta iya ba da tarihin wannan yanki sai ɗan ƙasa ya karanta ta, kuma tashin ƙauyuka da rashin tsaro ya haddasa ya sa aikin ya zama na gaggawa.

1.0 Gabatarwa

Rubuta tarihi a ƙasar Hausa bai fara daga jami'a ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri yana cikin hidimar jihadi, kuma a 1824 ya ba Bature Clapperton taswirar ƙasashen da ya sani, wadda aka buga a Landan a 1826. Alhaji Abubakar Dokaji, mai Kano Ta Dabo Cigari, da Waziri Junaidu, mai Tarihin Fulani, duk ba su jira wani sashen tarihi ya ba su izini ba. Saboda haka malamin firamaren da ya yi ritaya a Batsari yana tara sunayen magaddan ƙauyensu, ko tsohon malamin haraji a Safana da ya ɓoye rasit na shekaru aru-aru a cikin adaka, ko matashin da ke ɗaukar hoton ragowar ganuwa da wayarsa, ba baƙi ba ne a wannan fage. Gado suka tarar.

Abin da ya bambanta su da masanin jami'a shi ne tambayar da suke yi. Masani yakan tambayi yadda tsarin sarauta ya sauya a ƙarni na 19. Shi kuwa mai sha'awa tambayarsa ita ce: ina ne ainihin inda kakanninmu suka zauna kafin su dawo nan, kuma me ya tashe su? A ganina, a wannan yanki tambayar mai sha'awa ta fi kaifi, domin tarihin ƙasar Ruma, wato yankin Batsari, da Safana tarihin tashi da zama ne, kuma ba a gane shi sai an bi shi ƙauye bayan ƙauye.

2.0 Dajin da ya taɓa zama garuruwa

Duk wanda ya buɗe taswirar Jihar Katsina zai ga wani dogon fili a yamma, daga wajen Jibiya ya bi ta Batsari da Safana da Ɗanmusa har ya jingina da Zamfara, an shafe shi da kore. Dajin Rugu ke nan. Launin yana sa mai kallo ya ɗauka tun fil azal wurin daji ne. Tarihi bai yarda da haka ba.

Bayan da jama'ar Shehu suka ci Katsina a 1807, gidan sarautar da aka kora ya koma arewa ya kafu a Maraɗi, sai yammacin Katsina ya zama bakin daga tsakanin ɓangarori biyu masu da'awar sarautar ƙasa ɗaya. Labarin da ya shiga littattafai, har da na H.A.S. Johnston na 1967 a kan daular Sakkwato, shi ne cewa a farkon shekarun 1840 garuruwan wannan yanki sun goya wa Ɗan Mari na Maraɗi baya, Sarkin Katsina Siddiƙu ya murƙushe tawayen da tsanani, garuruwa da yawa suka watse, daji ya rufe gonaki. A 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya sauke Siddiƙu. Hare-haren Maraɗi kuwa ba su tsaya ba. Zamanin Ɗan Baskore na Maraɗi, wanda M.G. Smith ya yi nazarinsa, ya ƙara tsananta su. Cikin irin wannan zama ne aka samu barade irin Ɗan Waire, wanda har gobe ba a ambatar Ruma ba a tuna shi ba.

Muna da shaidar ganin ido daga waje. A watan Maris na 1853 Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zuwa Sakkwato cikin ayarin Galadiman Sakkwato. Ba su bi hanya miƙe ba saboda tsoron Gobirawa da mutanen Maraɗi. Sun kewaya ta Kuraye da Kurfi suka sauka Zakka, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Safana, sannan suka keta daji zuwa Bunka da Zurmi. Wato kusan shekaru 10 bayan waccan fitina, ƙasar da ke yamma da Zakka ta riga ta zama wurin da ayari ke ketawa da sauri.

Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 a kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya shimfiɗa babban tsarin wannan tarihi, kuma ya yi hakan ne da yawo gari-gari yana hira da dattawa. Amma littafin da ya ɗauki ƙasar Katsina gaba ɗaya na tsawon ƙarni kusan biyar ba zai iya tsayawa kan kowane kufai ba. Wane gari ne ya watse, ina mutanensa suka nufa, wane ne ya sake farfaɗowa bayan zuwan Turawa a 1903, wane ne ya koma sabon mazauni ya tafi da tsohon sunansa: waɗannan su ne gurbin da ya rage, kuma babu mai cike shi sai 'yan ƙasa.

3.0 Abin da taswira ke faɗa da abin da take ɓoyewa

Taswirorin da suka shafi wannan yanki hawa-hawa ne, kuma kowane hawa da irin raunin da yake da shi.

Na farko su ne na matafiya. Taswirorin da ke cikin littafin Barth mai juzu'i biyar, wanda ya fito a 1857 da 1858, August Petermann ne ya zana su a Turai daga bayanan da Barth ya rubuta da agogo da na'urar gane alƙibla. Saboda haka jerin garuruwa a kan hanya abin dogaro ne, amma tazarar da ke tsakaninsu ƙiyasi ce. Garin da Barth bai taka ba kuwa, ji ya yi aka faɗa. Sannan ya rubuta sunaye yadda kunnensa ya ji: Zekka, Kurrefi, Zyrmi. Ɗan ƙasa zai gane su nan take, amma akwai sunayen da ba wanda zai warware sai wanda ya tashi yana jin tsofaffi na kiran wata fadama ko wani dutse da su. Bala Usman ya rubuta maƙala sukutum a kan yadda ya kamata a auna bayanan Barth game da Katsina, yana jan kunne cewa ganin baƙo yana tafe da ra'ayinsa. Ya dace duk mai sha'awa ya nemi wannan maƙala kafin ya ɗora hujja a kan Barth.

Hawa na biyu shi ne na shata iyaka. Tsakanin 1906 da 1908 wakilan Ingila da Faransa, O'Shee da Tilho, suka bi ƙasa suna kafa alamun iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi. Tawagar Tilho ta buga sakamakon aikinta a Faransa, ciki har da labaran tarihi da jami'inta Landeroin ya tattara daga bakin mutanen Maraɗi da maƙwabtansu. Muhimmancin wannan ga ɗan Batsari a fili yake: rabin labarin yaƙe-yaƙen ƙasarsa yana wancan ƙetaren, an faɗe shi da bakin waɗanda a nan ake kira mahara, an kuma rubuta shi da Faransanci.

Hawa na uku, wanda ya fi amfani ga mai neman kufai, shi ne taswirorin safiyo da aka zana daga hotunan jirgin sama dab da samun 'yanci da kuma bayansa. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita ɗaya rabin kilomita ne a ƙasa, don haka ana ganin ƙorama da dutse da hanyar ƙafa da ƙananan ƙauyuka. A mai ma'aunin 1:250,000 kuwa santimita ɗaya kilomita biyu da rabi ne, ƙauyuka da yawa sun faɗi. Mai sha'awa yakan ɗauki irin wannan ta biyun, ya ga babu sunan ƙauyensu, ya yanke cewa a lokacin ba a kafa shi ba. Kuskure ne babba. Rashin suna a taswira ba ya tabbatar da rashin gari. Yana iya nufin mai zane bai samu fili ba, ko ma'aikacin safiyo bai bar hanyar mota ba. Rugar Fulani kuwa, da burtali da mashaya, galibi ba su shiga ba sam, ko da yake su ne rabin rayuwar dajin.

Akwai hawa na huɗu da mutane ƙalilan suka sani. Daga 1960 zuwa 1972 Amurka ta ɗauki hotunan duniya a asirce da taurarin ɗan'adam na shirin CORONA, aka saki hotunan ga jama'a a 1995, kuma sun haɗa da sassa da yawa na Afirka ta Yamma. Mafi kyawunsu suna nuna abin da faɗinsa ya kai kusan mita 2. A irin wannan hoto zagayen tsohuwar ganuwa kan fito fili, ko da garma ta share ta daga baya. Hotunan Landsat, waɗanda suka fara a 1972 aka kuma mayar da su kyauta a 2008, ba su kai wannan kaifi ba, amma suna nuna yadda gonaki suka riƙa cin daji shekara bayan shekara. In aka jera taswirar safiyo da hoton CORONA da hoton yau na Google Earth, ana iya ganin ƙauye ya bayyana, ya girma, ko ya ɓace.

Duk da haka hoto da'ira kawai zai nuna maka. Sunan garin, da wanda ya sare shi, da inda jikokinsa suke, sai mafarauci ko makiyayi ko mai neman zuma da ya san kukar da ke tsaye a wurin, ya taɓa tuntuɓe da tsingaro da kashin maƙera, ya san bakin tsohuwar rijiya da ramukan marina.

4.0 Fayilolin zamanin Turawa

Mai sha'awar da ya yi ɗawainiyar zuwa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yakan nemi abin da ke ƙarƙashin Katprof kawai, wato fayilolin Lardin Katsina. To amma Lardin Katsina sai a 1934 aka ƙirƙire shi. Kafin nan Katsina tana cikin Lardin Kano har zuwa 1926, sannan ta koma ƙarƙashin Zariya. Saboda haka rahotannin farko na iya kasancewa cikin fayilolin Kano ko na Zariya, ko cikin na sakatariyar Arewa masu lambar SNP. Abin da ya shafi iyaka da Zurmi da sauran ƙasar Zamfara kuma sai a leƙa Sokprof, wato fayilolin Lardin Sakkwato. Wannan ɗan bayani kaɗai zai iya ceton kuɗin mota da kwanakin mutum.

Fayilolin da suka fi daraja su ne rahotannin ƙiyasin haraji da littattafan gunduma. Jami'i kan zagaya gunduma ya ƙirga magidanta da gonaki da shanu, ya rubuta sunayen ƙauyuka da masu riƙe da su, ya ƙara da ɗan tarihin gidan hakimi. Sai fayilolin gandun daji, waɗanda a wannan yanki suke da nauyi na musamman, domin duk takardar da ta kafa gandu tana bayyana iyakokinsa da haƙƙoƙin da aka bar wa mutanen gefensa, kamar kiwo da itace da hanya. Mazaunin makiyaya na Ruma da Kukar Jangarai yana cikin na farko-farko da aka keɓe a Arewa, a zamanin da gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo ta 1965. Wanda ke son sanin inda burtali ya bi a da, a nan zai fara.

Sai dai a karanta su da ido biyu. Bature ya zo ne don haraji da jangali, kuma talaka ya san haka, don haka adadin mutane da na shanu da ke cikin rahoto abin da aka yarda a nuna ne. Tarihin da ya rubuta kuwa ta bakin tafinta ya ji shi, a zauren hakimi, a gaban hakimi. A Katsina akwai ƙarin dalili: a 1906 Turawa suka ɗora Muhammadu Dikko, sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma na Sulluɓawa, kuma a zamanin Bature H.R. Palmer aka tsara gundumomi aka tura hakimai su zauna cikinsu. Duk labarin asali da aka faɗa wa Bature a waɗannan shekaru, an faɗe shi ne a lokacin da kowa ke neman tabbatar da matsayinsa a sabon tsari. Wannan ba ya mai da shi ƙarya, amma yana wajabta a tambaya wa ya faɗa, kuma me yake nema.

Ba Kaduna kaɗai ba. Akwai Gidan Arewa, wanda Abdullahi Smith ya jagoranci kafa shi a 1970, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai mai tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami.

5.0 Takardun gida da bakin mutane

A nan ne mai sha'awa ya fi kowane farfesa dama. Fadar Sarkin Ruma a Batsari da ta Yariman Katsina a Safana, gidajen magaddai da na limamai da na tsofaffin alƙalai, duk wurare ne da takarda kan kwanta: wasiƙun sarauta, takardun rabon gado masu ambaton iyakar gona da itatuwan da ke kanta, rasit na haraji, salsalar da wani malami ya rubuta a bangon littafinsa, ko shekarar yunwa da aka lura da ita a gefen shafi. Baƙo ba za a buɗe masa gafaka ba. Ɗan gida za a buɗe masa, wani lokaci ma a ce ya zo ya duba kafin gara ta gama da su.

Haka kuma bakin mutane. Kirarin gari da na gidan sarauta sukan riƙe sunayen wuraren da babu su a kowace taswira. Tsofaffin mata sun fi maza sanin daga ina aka auro wace, kuma hanyar aure takan bi hanyar ƙaura. Makiyaya sun san sunan kowace mashaya. In aka tambayi hakimi da 'yan majalisarsa kaɗai, an maimaita abin da Bature ya yi.

Abin da ya sa na kira aikin na gaggawa shi ne, ƙasar tana sake tashi a gaban idonmu. Hare-haren 'yan bindiga sun kori ƙauyuka da dama zuwa cikin Batsari da Safana da Dutsinma da birnin Katsina, wasu har ƙetaren iyaka. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari. A 2021 har layukan waya aka rufe a yankin na tsawon watanni. Idan an ƙone gida, takardun cikinsa sun tafi. Idan dattijo ya rasu a gudun hijira, jikokinsa da suka girma a gari ba za su san sunan ƙoramar da ke bayan gonarsu ba. Fitinar shekarun 1840 ta bar mana kufai marasa suna domin ba wanda ya zauna ya rubuta su a lokacin. Mu muna da takarda da waya, kuma mutanen suna raye.

6.0 Inda sha'awa ke iya ɓata aiki

Zan faɗi wannan kai tsaye domin ina ƙaunar aikin. Cutar da ta fi kama mai binciken garinsu ita ce son girmama gida: kowane ƙauye ya girmi birni, kowane kaka daga gabas ya zo, kowane yaƙi mu muka ci. Maganinta a rubuta kowace ruwaya da sunan gidan da ta fito, a ajiye masu saɓani gefe da gefe, kada a narkar da su wuri ɗaya don labari ya yi daɗi.

Wadda ta fi wannan haɗari ita ce mayar da tsohuwar taswira makami. A wurin da rikicin gona da kiwo ya riga ya zubar da jini, mutum na iya ɗaga takarda ya ce ga hujja, wane baƙo ne. Gaskiyar da madogaran ke nunawa ita ce manoma da makiyaya da mafarauta da maƙera sun daɗe suna cuɗanya a wannan ƙasa, kuma taswirar da ba ta nuna ruga ba mai zanenta ne bai sa ta ba. Mai binciken da ya san wannan, nauyi ne a kansa ya faɗa.

Sai haƙa. Gano kufai ba izinin tona shi ba ne. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ba tare da izini ba, kuma tukunyar da aka ciro daga mazauninta ba tare da an auna ba ta rasa mafi yawan abin da za ta iya gaya mana.

7.0 Aikin da za a iya farawa yanzu

Ba sai an shiga daji ba, kuma kada kowa ya shiga don wannan aiki. A buga taswirar safiyo babba, a kai ta inda 'yan gudun hijira suke, a zauna da dattawan kowane ƙauye, maza daban mata daban, su nuna da yatsa: nan rijiya, nan maƙabarta, nan kufan wane, nan burtali ya ratsa. Wanda bai saba da taswira ba ya zana tasa a ƙasa a ɗauki hoto. A yi haka da makiyayan da su ma aka raba da mazaunansu. Kowane suna a rubuta shi da boko mai ƙugiya, a kuma naɗi muryar mai faɗa, tare da rana da wuri da amincewarsa.

Takardun gida kuwa a ɗauki hotonsu a gaban mai su, shafi bayan shafi har da bango, a mayar masa da kayansa nan take. Shirin ceton takardun da ke cikin haɗari na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda ya fara a 2004, a kan wannan ƙa'ida yake tafiya: asali ya zauna a ƙasarsa, hoto ne ke yawo.

Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma su ne mafi kusa da wannan yanki. Abin da ake buƙata daga gare su ba shi da tsada: su samo kwafin taswirori da fayilolin da suka shafi gundumomin nan su ajiye inda malamin firamare zai iya gani ba tare da katin ɗalibi ba, su koyar da yadda ake rubuta lambar fayil da yadda ake hira, kuma duk ɗalibin da ya ci moriyar kundin wani mai sha'awa ya ambaci sunansa a matsayin abokin bincike. Abin da aka tara a yi masa kwafi uku, ɗaya a fadar hakimi, ɗaya a jami'a, ɗaya a Hukumar Tarihi da Al'adu. Bayanin da zai iya jefa wani cikin haɗari, kamar inda mutanen wani ƙauye suke fake ko hanyar da suke bi zuwa gona, ya tsaya a cikin kundi, kada a buga shi ko a watsa shi a Facebook sai masu shi sun yarda kuma hali ya ba da dama.